Fatawa: Hukuncin Kuɗin Lasisi da Kuɗin Ban-Ruwa a Dam ɗin Jama'a

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam, mu mutane ne da ke cin abinci da Dam ɗin Tiga. Cikinmu akwai masunta, akwai manoman rani na wajen Kadawa da Kura, akwai masu kwale-kwalen fito da makiyaya. Ana neman masunci ya yanki lasisi, manomi kuma ya biya kuɗin ban-ruwa gwargwadon faɗin gonarsa. Wasu 'yan'uwanmu sun ce wannan haramun ne, domin ruwa na Allah ne, kuma Annabi (SAW) ya hana a sayar da shi. Shin ya halatta a karɓa, ya halatta mu biya? Kowa ne zai biya? Idan aka karɓa amma ba a yi aikin ba fa? Kuma wannan kuɗi yana rage mana zakka? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Amsar a taƙaice: ya halatta hukuma ta sanya kuɗin lasisi da na ban-ruwa a kan masu neman riba da ruwan dam, kuma wajibi ne su biya, matuƙar kuɗin ladan aikin tsare ruwa da kai shi gona ne, kuma ana mayar da shi ga wannan aikin. Bai halatta a karɓi ko kwabo ba daga mai sha, ko mai ɗiban na gida, ko mai shayar da dabbobinsa.

Asalin hukuncin ruwa

'Yan'uwanku ba su yi magana da ka ba. Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abin da mutane suka yi tarayya a kai. Muslim ya ruwaito daga Jabir hanin sayar da rarar ruwa. Bukhari da Muslim kuma sun kawo narko mai tsanani a kan wanda yake da rarar ruwa a bakin hanya ya hana matafiyi. Saboda haka ruwan Kogin Kano, wanda Dam ɗin Tiga ya tare, ba mallakar gwamna ba ne, ba na wata hukuma ba ne, ba kuma na wanda gonarsa ta fi kusa da shi ba.

Sai dai malamai sun bambanta ruwan da ke gudana yadda Allah ya saukar da shi, da ruwan da mutum ya yi wahala ya tsare ko ya ɗauko. Ba wanda ya haramta wa ɗan ga-ruwa karɓar kuɗin jarkokin da ya turo a kura tun daga bakin rijiya, domin guminsa da kayan aikinsa ake biya. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina da dukiyarsa ya yi waƙafinta ga Musulmi, Annabi (SAW) ne kuma ya kwaɗaitar da a saya.

Ku duba naku. Kafin a kammala Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kogin cika yake yi da damina ya wuce, da rani ya koma rairayi. An gina bangon ne don ya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2, aka ja babban kanal ta Ruwan Kanya zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Ruwan da ke isa gonar tumatir a watan Fabarairu bango ne ya riƙe shi, ƙofofi suka sako shi, kanal ya kawo shi, ma'aikata suka raba shi. Waɗannan duk suna tsufa, suna tsagewa, laka da ciyawa suna cike su. Abin da kuke biya ladan wannan ne.

Wa ke ɗaukar nauyin gyara?

Mas'alar ba sabuwa ba ce. Alƙali Abu Yusuf, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan Hijira, ya yi wa Halifa Haruna Rashid bayaninta a Kitabul Kharaj. Ya raba nauyin haka: toshe ɓaraka da gyaran gaɓar manyan koguna irin su Dijla da Furat yana kan baitulmali, domin amfaninsu da cutarwarsu sun game kowa, ƙananan magudanan da mutane ke ja zuwa gonakinsu kuwa, yashe su yana kan masu gonakin.

A kan wannan nake gina fatawata. Lafiyar bangon dam da mafitar ambaliyarsa nauyin gwamnati ne daga baitulmali, ba a jibga wa mai eka biyu. Mun ga abin da fashewar dam ke jawowa a Bagauda cikin 1988, mun sake gani a Alau cikin Satumbar 2024, lokacin da ruwa ya mamaye Maiduguri. Ambaliyar ba ta ware manoman rani ta bar sauran jama'a ba. Amma yashe ƙananan kanal, sare ciyawa, gyaran ƙananan ƙofofi da ladan masu rabon ruwa, adalci shi ne masu amfana su ɗauka. Ƙa'idar fiƙihu ita ce mai cin moriya shi ke ɗaukar ɗawainiya. Ba daidai ba ne a ɗauki harajin mutumin da bai taɓa ganin kanal ba a yashe magudanar mai sayar da buhunan shinkafa.

Bambancinsa da harajin zalunci

Maksu, wato kuɗin da mai iko ke tatsa ba da haƙƙi ba, babban zunubi ne, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki irinsa a Kitabul Farƙ cikin abin da sarakunan zamaninsa ke ɗora wa talakawa. A ɗaya ɓangaren, Imam Shaɗibi a littafinsa Al-I'itisam ya halatta wa shugaba adali ya sanya wa masu hali wani abu idan baitulmali ya gaza kuma buƙatar jama'a ta tabbata, da sharaɗin ya tsaya iya buƙata. Ga sharuɗɗan da ke raba halal da haram a naku:

1. Hukumar da doka ta ba wa iko ce za ta sanya kuɗin, a sanar da adadinsa a fili, kuma a ba da rasit.
2. A ƙayyade shi gwargwadon kuɗin gudanarwa da gyara, kada a mai da shi hanyar tara riba.
3. A bambanta babba da ƙarami. Mai kamfani da ke jan ruwa da manyan injina ba ɗaya yake da mai rabin eka ba.
4. A kashe shi a kan dam da magudanansa, kuma a karanta wa masu biya lissafin shiga da fita.
5. Kada a sayar wa ɗan kwangila haƙƙin karɓa a kan ya biya wani adadi, abin da ya tara sama da haka ya zama nasa. Abu Yusuf ya hana wannan, domin mai irin wannan kwangila ba ya cin riba sai ya matse talaka. Ɗaukar ma'aikaci ko kamfani a kan lada sananne kuwa ya halatta.

Waɗanda ba a karɓa a hannunsu

Mai sha, mai alwala, matar da ta zo ɗiban ruwan girki da wanki, da makiyayin da ya kawo shanunsa mashaya: hana su ko karɓar kuɗinsu shi ne ainihin abin da hadisai suka hana. Dokar albarkatun ruwa ta Nijeriya ta 1993 ma ta yarda mutum ya ɗebi ruwan amfanin gida da na shayar da dabbobi kyauta a inda jama'a ke da damar isa. Hukuma tana iya keɓe mashaya da burtali don kada shanu su rusa gefen kanal, kuma wajibi ne makiyayi ya bi. Abin da ba ta da ikon yi shi ne ta rufe hanyar ruwa gaba ɗaya.

Muna da abin koyi ga Sayyidina Umar. Da ya keɓe makiyaya don dabbobin baitulmali, Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa ya umarci mai tsaronta ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garkunan attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan, domin su suna da gonakin da za su koma wa, talaka kuwa ba shi da komai. Tsarin da ya sassauta wa babba ya tsananta wa ƙarami ya saɓa wa wannan. A kuma tuna da iyalan da aka tasa daga gidajensu da gonakinsu lokacin gina dam: su suka fi cancantar a fara da su a rabo da rangwame.

Lasisin kamun kifi

Nan akwai buƙatar taka-tsantsan. A Mukhtasar na Shaikh Khalil, asali shi ne ba a hana mutum su, ko da a ruwan da ke cikin filin wani. Sayar da kifin da ke cikin ruwa tun ba a kama shi ba kuma garari ne. Don haka lasisi ba zai zama farashin kifi ba, domin kifin dam ba hajar gwamnati ba ce. Yana halatta ne a matsayin tsari na kawar da cuta da biyan masu aikin tsaro.

Cutar kuwa ku kun fi ni saninta. Mutum ya ja taru mai ido kamar gidan sauro, ya zube a gaɓa tulin 'ya'yan karfasa da ba su kai ɗan yatsa ba, rabi ma a bar su su ruɓe. Wani ya zuba guba a ruwa, kifi ya taso ciki sama, a kai kasuwa mutane su ci. Wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, haramun ce ko da lasisi ko babu. Hana irin waɗannan, ƙayyade idon raga da rufe kamun kifi a lokacin da kifi ke ƙwai, duk suna buƙatar masu sintiri da jirgi da mai. Masu sana'ar su ne suka fi dacewa su biya, kuɗi mai sauƙi, gwargwadon jirgi da kayan aiki, tare da shawarar Sarkin Ruwa da dattawan masunta. Wanda ya jefa ƙugiya don miyar gidansa ba a nemansa da komai. Haka mai fito: lasisinsa ya halatta idan ana duba lafiyar jirgi ana hana lodin da ya wuce kima.

Bai halatta a damƙa wa mutum ɗaya ko kamfani ɗaya dam gaba ɗaya a kori sauran masunta ba. Annabi (SAW) ya taɓa yanka wa Abyad ɗan Hammal wurin gishirin Ma'arib, da aka sanar da shi cewa wurin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga da ba ya yankewa, sai ya karɓe.

Idan an biya ba a yi aiki ba

Kuɗin ban-ruwa lada ne a kan aiki. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya yi hayar gona, ruwanta ya yanke har ƙishirwa ta kashe shuka, kuɗin haya ya faɗi daga kansa. Haka manomin ƙarshen kanal da ya biya, ya kwana a gona da tocila yana jiran ruwan da bai zo ba har alkamarsa ta bushe: yana da haƙƙin a mayar masa ko a yafe masa na gaba. Jami'in da ya ci wannan kuɗi ya ci amanar jama'a. Wanda ya karɓa ba rasit ya zuba aljihu, zunubin yana kansa, wanda aka tilasta wa kuwa babu laifi a kansa.

Amma wannan bai ba kowa damar fasa ƙofa, ko tare kanal da buhunan ƙasa cikin dare, ko ba mai rabo na goro don ya ƙara masa kwana ba. Na ƙarshen nan cin hanci ne, mai bayarwa da mai karɓa duk sun yi laifi. Hukuncin Annabi (SAW) a rafukan Mahzur da Muzainib na Madina shi ne na sama ya shayar zuwa idon sawu, sannan ya sake wa na ƙasa. Na ƙasanku bai tsaya a Kura ba. Akwai masu shan famfo a birnin Kano ta matatar ruwa ta Tamburawa, akwai mutanen Wudil da Hadeja da Nguru da Gashuwa, waɗanda ciyawar kachalla ta toshe wa hanyoyin ruwa. Wajibi ne Hukumar Raya Kogunan Hadeja-Jama'are ta kiyaye rabonsu idan tana sakin ruwa. Ku kuma ku bi haƙƙinku ta ƙungiyarku ta masu amfani da ruwa: ku riƙe rasit, ku nemi lissafi a rubuce, ku kai ƙara gaba idan an ƙi.

Zakka

Wannan kuɗi ba zakka ba ne, ba ya tsayawa a madadinta. Shinkafa ko alkama ko masarar da ta kai nisabi, idan da inji aka ja mata ruwa, rabin ushuri ne, wato buhu 1 cikin 20. Idan ruwan da kansa yake gangarowa daga kanal zuwa gona, mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne ushuri cikakke, buhu 1 cikin 10, ko da an biya kuɗi a kansa. Shafi'iyya suna ganin rabin ushuri ga ruwan da aka saya. Ni da na farko nake ba da fatawa a irin kuɗin nan mai sauƙi. Idan ya yi nauyi har ya kusanci kuɗin man inji, babu laifi a yi aiki da na biyu.

Ina yi muku wasiyya da ku biya abin da ya hau kanku da daɗin rai, ku fita aikin gayyar yashe kanal, kada kuma ku ji nauyin tambayar inda kuɗinku ya shiga, domin tambayar haƙƙinku ce. Masu riƙe da wannan amana kuma su sani za a tambaye su a kan kowace naira.

Allah ne mafi sani.