Ɗinki Goma, An Kawo Ashirin

Ɗan'uwa tela na Tanda, ga tambaya. Salla ta matso, ɗinki goma kake iya gamawa, an kawo maka ashirin. Za ka karɓa duka?

Wani zai ce arziki ne ya zo, ba a korarsa. Amma kuɗin aikin da ka san ba za ka gama ba, bashi ne a wuyanka. Wanda ka sa ya je Idi da tsohuwar riga, baɗi Gaya ko Kamba zai kai yadinsa.

Yanzu ka iya rubutu. Sami littafi, rubuta sunan kowa da ranar karɓa. In ranakun sun cika, ba mutane haƙuri. In aiki ya dinga yawa, ɗauki yaro ka koya masa. Alkawari kaya ne.