Ƙafar da Ƙaguwa Ta Bari

'Yan'uwa, mu mutanen tudu ba mu faye ganin ƙaguwa ba, sai wanda ya taɓa zuwa bakin kogin Kwara wajen Gaya ko Yamai. Amma fara kam kowa ya san ta. Yaro ya kama fara ta ƙafar baya, sai ta fizge ta tashi, ta bar masa ƙafar a hannu. Abin da ƙaguwa take yi ke nan, har ma ta fi fara gwaninta.

Fara tana da ƙafa 6, kunama da gizo-gizo 8, ƙaguwa kuwa 10. Biyun gaba su ne manyan hannuwanta masu cizo kamar awartaki, da su take kama abinci, da su take faɗa. Sauran 8 na tafiya ne. Ba ta da ƙashi a ciki, ɓawonta shi ne ƙashinta, gaɓoɓin ƙafafunta kuwa gefe suke lanƙwasawa, shi ya sa take tafiya a kaikaice.

Ga abin mamaki. Kusa da gindin kowace ƙafa akwai wani wuri da Allah ya shirya tun farko domin karyewa. Idan tsuntsu ko kifi ya kama ƙafar, ba ta tsayawa gardama. Ita da kanta take matse naman wurin, ƙafar ta ɓalle. Wata 'yar fata kuma tana rufe bakin raunin, jini ba ya zuba da yawa. Maƙiyi ya tafi da ƙafa, ita ta tafi da ranta.

Ku buɗe Markus 9:43-47 ku karanta a gida. Can Ubangiji Yesu ya koya mana gara mutum ya rasa hannu ko ƙafa ya sami rai, da ya riƙe su duka ya hallaka. Ba wuƙa yake nufi ba, kada wani ya ji ni a karkace. Hannu ba ya sata sai zuciya ta aike shi. Yana maganar abin nan da ya zama kamar gaɓar jikinka, wanda Shaiɗan ya riƙe ka ta wurinsa.

Maigida, wace ƙafarka ce take bakin maƙiyi? Ko layar nan ce da ka ɓoye cikin rumbu, kana cewa ta kakanni ce? Ko gidan giyar da kake ratsewa ran kasuwa, har kuɗin geron iyali ya ƙare can? Uwargida, ko hanyar gidan boka ce duk sa'ad da yaro ya yi zazzaɓi? Na san yadda ake cewa, “Sannu a hankali zan bari.” Ni ma na faɗi haka shekara da shekaru kafin in ƙone tawa layar. Ƙaguwar da ta tsaya shawara, ita da ƙafar ake haɗiyewa.

Ba zan ruɗe ku ba, akwai hasara. Wadda ta yar da hannunta mai cizo takan sha wuyar neman abinci. Kai ma abokai za su guje ka, dangi su yi maka ba'a. Amma a gurbin ƙafar wani ɗan tsiro yana girma. Ran da ta yi sāɓa ta tuɓe tsohon ɓawo, sai ga sabuwar ƙafa, ƙarama tukuna, sai ta sake sāɓa kafin ta kai sauran.

In abin ya fi ƙarfinka kai kaɗai, ka zo wurin fasto ko dattawan ikilisiya ran Lahadi bayan sujada, mu yi addu'a tare. In laya ce, ka zo da ita.