SUNAN WA ZA MU BAYAR?



Makon jiya bayan sallar isha'i dattawa uku suka same ni a zaure a nan Gaya. Ɗaya baffana ne, ɗaya kuma takanas ya taso daga Ajingi. Da muka gama gaisawa suka shimfiɗa takarda a gabana. Wai sun ji ƙishin-ƙishin za a kafa kwamitin da zai riƙa ba gwamnatin jiha shawara kan bunƙasa tattalin arziki, suna so yankinmu ya kai suna ɗaya da wuri, kada a raba kujeru babu mu. Har sun rubuta sunan wani Alhaji. Sa hannuna kaɗai ya rage.

Alhajin nan na san shi farin sani. Shi ya rufe mana azuzuwan Islamiyya. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti shi ya biya kuɗin aiki, kuma har yau ban ji ya faɗa wa kowa ba. Duk da haka na ce a ba ni kwana biyu. Baffa ya kalle ni ya ce, "Malam, yanzu shi ma sai an yi istihara a kansa?"

Dattawan nan suna da hujja, kuma ba zan danne ta ba. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967 ake kafa hukumomin da ke taɓa aljihun talaka kai tsaye: KNARDA ta malaman gona, KASCO ta taki da kayan noma, KanInvest ta jawo masu zuba jari. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma, hedikwatarta a Kano. A irin waɗannan teburan ake yanke inda za a kai hanya, inda za a tare ruwa, da sana'ar da za a ba rance. In duk waɗanda ke zaune ba su taɓa tsallako gadar Wudil da damina ba, me zai tuna musu da manomin gero na Ajingi? Neman wakilci ba kwaɗayi ba ne.

To amma "namu ne" ba cancanta ba ce. A nan muka rabu.

Ku duba ƙissar Annabi Yusuf (AS). Da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, bai kafa hujja da cewa shi ɗan annabi ne jikan annabi ba. Abu biyu ya ambata: zai tsare dukiyar, kuma ya san aikin. A Suratul Ƙasas ma, da 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ƙarfi da amana ta duba. Abu Zarr (RA) kuwa, duk da zuhudunsa da gaskiyarsa, da ya nemi muƙami sai Manzon Allah (SAW) ya nuna masa cewa yana da rauni, abin kuma amana ne da zai zama nadama ranar ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinsa ba. Hadisin yana cikin Muslim. Ba a taɓa imanin Abu Zarr ba. Aikin ne ba nasa ba.

Ashe mutum zai iya zama na Allah, mai kyauta, mai sahun farko, amma a ajiye masa kasafin kuɗi a gabansa ya kasa gane inda aka ɓoye ɓarna. Irinsa ɓarayi suka fi so a kwamiti, don sunansa mai kyau ne zai zame musu rumfa.

Kada kuma wani ya ɗauka ina nufin sai mai digiri uku. A 1912, da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano, Turawa auduga suka sa rai za a cika musu taragu da ita don masaƙun Ingila. Manoma suka yi nasu lissafin: gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma in shekara ta ɓaci ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka bi bayan manoma, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar Kano. Masu takarda sun yi nasu tsarin, masu fartanya suka fi su gane ƙasa. Mu mutanen Gaya ma ai muna alfahari da labarin da aka gada na maƙeran da suka tashi daga nan suka je gindin Dala neman tama. Sanin ƙarfe ne ya kai su.

Saboda haka sanin da nake nema a teburin nan kala-kala ne. A samu wanda ya iya lissafin bashi da haraji. A samu wanda ya san dalilin da ya sa masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai suka rufe. A samu wanda ya san nawa buhun wake ke barin gona da kaka, nawa kuma yake kaiwa a Dawanau da bazara, da wanda ke cin ribar tsakani. A samu macen da ta san yadda mai ƙuli-ƙuli ke juya jarin dubu ashirin ta ciyar da marayu biyar.

Mu malamai fa? Wani ya ce mini, "To Malam, kai ka shiga mana." Na ce a'a. A ƙissar barbarar dabino, Manzon Allah (SAW) da kansa ya bar wa manoman Madina sanin sana'arsu. In ana son sanin hukuncin riba ko yadda ake ƙulla mudaraba, a kira mu mu yi bayani. Amma iya Ahalari da Risala bai sa na san yadda ake kafa injin casar shinkafa ba.

Saura abu na uku, wanda ya fi yi mini nauyi. Alhajinmu dilan taki ne. Kwamitin kuwa dole wata rana ya yi maganar taki. Ban ce zai ci amana ba, wallahi ban zarge shi ba. Amma ku tuna Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi. Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna, da ya ga ko kyautar za ta zo. Sayyidina Umar (RA) kuma yakan sa a rubuta dukiyar gwamna lokacin naɗa shi, don a gane abin da ya ƙaru. Ban ce a kori 'yan kasuwa daga kwamiti ba, in an kore su wa ya san kasuwa? Amma wanda zai zauna ya bayyana harkokinsa tun farko, kuma ranar da aka zo kan abin da yake sayarwa ya tashi ya ba da wuri.

Washegari na je na sami Alhaji da kaina, don bai kamata ya ji a bakin wani ba. Na tambaye shi ko zai iya zaman bin takardu, ko kuma zai yarda ya janye daga cinikin taki da gwamnati muddin yana kan kujerar. Ya yi shiru ya daɗe. Sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, takardu dai yarana ke karanta mini. Takin kuwa da shi nake riƙe da gida huɗu." Gaskiya ya faɗa, na kuma ƙara ganin girmansa. Amma na ga ransa ya sosu.

Ban sa hannu ba. Na kawo wa dattawa suna biyu: wani tsohon malamin gona da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙauyukan Gaya da Ajingi da Albasu, da wata Hajiya da ta shekara goma tana riƙe da asusun matan unguwa ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Baffa ya ce, "Waɗannan ba su da uban gida. Ba za a ɗauke su ba, kujerar ta tafi wani gari, kai ka ja mana."

Mai yiwuwa haka ne zai faru. In ya faru zan ji zafinsa kamar kowa. Sai dai sa hannu shaida ce, kuma ni za a tambaya a kanta, ba Baffa ba. Alherin da Alhaji ya yi mini bashi ne a wuyana, da aljihuna da addu'ata zan biya. Ba zan biya da haƙƙin mutanen jiha ba, tunda ba nawa ba ne.

Har yanzu Baffa a taƙaice yake amsa gaisuwata. Ku taya ni da addu'a.

Allah Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, Ya hana mu yin shaidar da za ta zame mana nadama. Wallahu a'alam.