Hukuncin Gyaran Fuska da Ƙashin da Na'ura ta Ƙera

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kyautata halittar ɗan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Filinge da ƙasar Kurfai, ku sani likitoci sun samu wata na'ura wadda ake ba ta awon fuskar majinyaci, sai ta gina masa ƙashi hawa-hawa daidai da wanda ya lalace. A 2011 an dasa wa wata tsohuwa mai shekara 83 irin wannan muƙamuƙi na ƙarfe a ƙasar Holan.

Mas'alar ta shafe mu, domin cutar noma tana cinye leɓe da hanci da kuncin yaranmu masu tamowa. Ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun 1992, an kuma buɗe asibitin noma a Sakkwato a 1999. Duk da haka wasu iyaye suna ɓoye 'ya'yansu, wai gyaran fuska canza halittar Allah ne.

Wannan kuskure ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfaja ɗan As'ad a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Canjin da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta zarga shi ne taɓa lafiyayyar halitta ba da lalura ba. Mayar da gaɓa yadda Allah Ya halicce ta kuwa magani ne. Haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a Maleshiya a 2007. Kuma wannan ƙashi ba gunki ba ne, domin abin da Malikiyya suka haramta shi ne cikakkiyar surar mai rai, mai inuwa.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Na farko, abin da za a dasa ya zama mai tsarki, amfaninsa ya rinjayi cutarwarsa. Na biyu, a nemi iznin majinyaci, ko waliyyinsa in yaro ne, bayan an bayyana masa haɗarin aikin. Na uku, awon fuskarsa da hotonsa amana ne, ba a yaɗa su sai da yardarsa. Na huɗu, lamuni: wanda ya yi tiyata ba da sani ba, ko ya yi sakaci, diyya tana kansa, in kuwa aibin daga ƙirar ne, maƙerin ne zai ɗauka.

Ya ku iyaye, in dasashin yaro ya kumbura, bakinsa yana wari, ku gaggauta kai shi asibiti, domin a farkonta cutar tana jin magani. Wanda ta riga ta ɓata wa fuska, ku nema masa gyara, kada kunya ta hana ku.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.