Lambar Yabo da Tiyar Gero

A majami'un Katolika na Maraɗi da Damagaram akwai irin tsohuwar nan da kowa ya sani. Shekara 50 tana share ɗakin sujada kafin Misa, tana wanke mayafin bagade, tana kwana gidan makoki. Yanzu gwiwa ta ƙi. Shin ya kamata ikilisiya ta tsai da ita gaban jama'a ta yabe ta?

Waɗansu sun ce a'a, gama a Matiyu sura 6 Yesu ya hana yin aikin kirki domin idon mutane. Amma gargaɗin nan na mai aikin ne. Bai ba waɗanda suka ci moriyarta izinin yin shiru ba. Luka ma bai ɓoye sunan Hannatu ba, gwauruwar da ba ta rabuwa da Haikali.

Roma tana da lambar yabo, Pro Ecclesia et Pontifice, wadda Paparoma Leo na 13 ya kafa a 1888, kuma ana ba mata irinta. Madalla. Sai dai lamba ba ta sayen magani. Da Bulus ya ce wa Timoti a girmama gwauraye, zancen ciyar da su ma yake yi, ya ɗora nauyin a kan 'ya'ya da jikoki tukuna, sa'an nan ikilisiya. A nan ne aikin yake da wuya. Biki na yini ɗaya ne, kowa zai zo da sabon zane. Wanda zai kai mata Jibin Ubangiji gida ran Lahadi, da tiyar gero a tsakiyar damina kafin a yi girbi, shi ne ake nema a rasa.