HAƘURI NE KO ZALUNCI?

Ina da wata ƙanwa, 'yar ƙanin mahaifina, wadda likita ya ce tana da hawan jinin huhu. Ba irin wanda ake aunawa a damtse ba ne. Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu ne ke matsewa, sai ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa har ya gaji. Masu sikila da masu ciwon zuciya sukan gamu da shi. To ga ciki kuma, wanda ke ƙara jinin jikin mace da kusan rabi. Shi ya sa likitoci ke ba mai ciwon shawarar kada ta ɗauki ciki, in kuwa ya shiga, haɗarin ya fi tsanani wajen haihuwa da kwanakin farko na jego.

Ran da na je duba ta, cikinta wata shida, na tarar da ita durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen ice da leda, ido jawur, sai haki take. Ranar girkinta ce.

Na ce, "Haba ƙanwata, me ya yi zafi haka?"

Ta ce, "Yaya, in na ƙi a ce son jiki ne. Haƙuri zan yi."

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma yana sa a haifi jariri ba nauyi. In mai lafiya ma yana cutar ta, ina ga wadda numfashinta da ma da ƙyar yake fita?

Ni dai a ganina, ciwon jarrabawa ce daga Allah, wannan kam sai haƙuri da magani. Amma hayaƙin hannun mutum ne ya hura shi. Abin da muke da ikon kawarwa, muka bar shi yana cin rai biyu, ba haƙurinta za a yaba ba, mu za a tambaya.

Za ki ce maigida ba shi da kuɗin gas. Gaskiya ne. Amma nawa ake biya kafin abokiyar zama ko ƙanwar miji ta karɓe mata girki? Nawa ake biya a fitar da murhu tsakar gida, a daina hura wuta da leda, a janye janareto daga bakin tagarta?

'Yar'uwa, waiwaya gidanku ki duba wadda ke haki gaban murhu. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, amin.