Wainar Japanawa da Wurin Zaman Mai Suya

Akwai wani abinci na mutanen Japan da ake kira okonomiyaki, wanda idan aka fassara sunan zai ba da ma'anar "gasa abin da ranka ke so". A ido ya fi kama da sinasir mai kauri, sai dai ba na shinkafa ba ne kuma ba shi da zaƙi. Ƙullun fulawa ne ake damawa da ƙwai da romon kifi da gogaggiyar doya irin tasu mai yauƙi, a zuba yankakken kabeji mai yawa, sannan kowa ya ƙara abin da yake so, nama ko jatan lande. Idan ya gasu a shafa masa wata miya mai kauri da mayonis, a barbaɗa busasshen kifi da aka fere siriri, wanda zafi kan sa ya riƙa motsi kamar mai rai.

Abin da ya ja hankalina shi ne inda ake soya shi. A gidaje da yawa ba a kicin ake yi ba. Kaskon lantarki mai faɗi ake ɗorawa a tsakiyar tebur, iyali su kewaye shi, a zuba ƙullu kowa na kallo. Yaro ya zuba nasa, maigida ya karɓi cokali mai faɗin baki ya gwada juyawa, in ta wargaje a yi dariya a tattara. Mai girkin tana zaune, kuma tana cin nata da zafinsa.

To a nan tambaya ta taso: shin ciyar da iyali da cin abinci tare da iyali abu ɗaya ne? Mu da muka san zaman gindin tanda mun san amsar a jikinmu. Mai suyar waina ita ce ta farkon tashi kuma ta ƙarshen ci. Tana kwashewa ana ɗauka, tana kwashewa ana ɗauka, in an gama sai ta zauna da waɗanda suka ƙone ko suka huce, wani lokacin ma ƙamshin mai ya riga ya kashe mata sha'awar ci. Kowa ya ƙoshi, alhamdu lillahi, amma hirar da aka yi a kan abincin ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Labarin da ɗanta ya bayar na abin da ya faru a makaranta sai dai ta ji shi a bakin ƙanwarsa.

Wata za ta ce ai hidima ce, kuma hidimar miji da 'ya'ya ba abin raini ba ce. Ban musa ba, ni ma ina ganin darajarta. Amma hidimar da kullum ake yin ta a bayan bango takan zama kamar ruwan famfo, ba a tuna ta sai ranar da ta ɗauke. Yaron da bai taɓa ganin yadda ƙullu ke zama abinci ba, da wuya ya san nauyin kalmar "sannu da aiki". Wanda ya taɓa ƙona yatsa a bakin kasko kuwa ba sai an koya masa ba. A ajinmu na Islamiyya ina lura da haka: yara mata sun san tsawon lokacin da tuwo ke ɗauka, mazan kuwa sun san ɗanɗanonsa ne kawai.

Tarihin abincin ma yana da alaƙa da mata. Bayan da Amurka ta jefa bam ɗin ƙare-dangi a Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, shinkafa ta yi wuya, sai fulawar agaji da kabeji suka zama abin rufin asiri. Mata da yawa da yaƙi ya cinye mazajensu suka gyara gaban gidajensu, suka kafa farantin ƙarfe suna soyawa suna sayarwa, idonsu na kan 'ya'yansu. Har yau salon Hiroshima daban yake, hawa-hawa ake jera shi har da taliya, su kuwa mutanen Osaka cakuɗa komai suke yi a kwano ɗaya.

Akwai wani ƙorafin da ya fi ƙarfi. Idan kowa zai zaɓi abin da ransa ke so, ba mun koma "ci naka in ci nawa" ba, wanda Bahaushe ya ce ba rowa ba ce, mugun zama ne? Kuma ba a sangarta yara ba? Na juya wannan a raina sosai. Abin da na gani shi ne zaɓin yana da iyaka: ƙullu ɗaya ne, kasko ɗaya ne, kuma ba ya ɗaukar na kowa a lokaci guda, dole wani ya jira wani. In ta gasu kuma yankawa ake yi, kowa ya ɗanɗani na ɗan uwansa.

Kada mu ɗauka Japan aljannar mata ce. Can ma yawancin aikin gida a wuyan mace yake, mazansu da yawa sai dare ya raba suke dawowa daga aiki. Kabejin nan galibi ita ta yanka, kuma in an watse kaskon ita yake jira. Abin da ta samu shi ne zaman sa'a guda ana kallon fuskarta maimakon bayanta.

Ga mai son gwadawa, a kula: Japanawa sun fi ɗora naman alade a kai, kuma miyar kwalba wani lokaci tana ɗauke da giya ko romon naman da bai halatta ba, sai a duba tambarin halal ko a haɗa ta a gida. Naman sa da aka yanka siriri yana maye gurbi sarai. A rage wuta, a ba kowane gefe kamar minti 5, kuma kada a danne ta da cokali, tauri take yi.